Agugu, maganin tsila daga kan dutse

Duk wanda ya tashi a gidan fawa a zamaninmu ya san agugu, ko da bai taɓa ganin inda yake tsirowa ba. Mu abin da muka sani guntun saiwa ne mai duhu, jikinsa ɓawo-ɓawo, da wani gashi-gashi ruwan ƙasa a tsakankaninsa, ana sayo shi wajen 'yan koli a ƙunshe cikin takarda. Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, tana ɓoye nata a wani tsohon gwangwani can ƙarƙashin gado, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba ta fito da shi don ciwon ciki, ko don yaro ya rame, ko don an ce wane yana cizon haƙora cikin barci. Sai an ga shaida. Shaidar kuwa wani ɗan farin abu ne falange, bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, yana miƙewa yana takurewa a wando ko a kan tabarma. Da ta gani za ta ce, "Tsila ce. Gobe ba ka karyawa."

A gidanmu tsila ba abin kunya ba ce. Nama ne sana'ar gida, kuma 'ya'yan mahauta ba su da haƙurin jiran tsire ya gasu. Kana juya tsinke kana figar na gefe, ja-ja-ja da shi, ka kai baki.

Iya tana da tsarinta, ba ta kuma sauya shi saboda kowa. Daren da za a wayi gari a sha, ba tuwo, ba romo, ba man shanu, sai kunu tsararo. Da asuba sai ta karya saiwar ta duba cikinta a hasken fitila. In ta ga tsanwa-tsanwa, ta daka. In ta ga cikin ya yi ja ko ya yi baƙi, ta yar, ta sake aike, tana mitar ɗan koli ya sayar mata da itacen banza. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, to ban da agugu. Bayan an sha, da hantsi ta biyo da kunun kanwa don ciki ya sake. Sai kuma abin da muka fi ƙi duka: ranar ba mai shiga masai. Tsohon kasko za a aje maka a bayan ɗaki, ita kuma ta zo da buta da tsinke, tana zuba ruwa tana tonawa. Tsawon abin da ya fito bai dame ta ba. Sirantaccen ƙarshen take bi, har ta kai inda ya ƙare. Takan ce, "In kan bai fito ba, wahalar banza aka sha." Mai ciki kuwa, da mai goyo, da yaron da bai yi famfara ba, da tsoho mai haki, ba ta ba su ko za a yi mata kuka.

Ba ta taɓa gaya mana dalilin ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki ba. Sai da na je Zariya karatun likitan dabbobi na tarar da su a tsofaffin littattafan harhaɗa magani na Turai: azumin dare, hana maiƙo, duba launin cikin saiwa, wankin ciki, neman kai, da jerin waɗanda ba a ba.

Maganar kai ita ce mafi sauƙin fahimta. Tsilar naman shanu, wadda ake kira Taenia saginata a littafi, takan kai mita 4 zuwa 10 a hanjin mutum, gaɓoɓinta su haura 1,000. Amma duk wannan tsawo daga kai yake tohowa, kan da bai wuce milimita 2 ba, mai bakin tsotso huɗu da yake liƙewa da su a bangon hanji. Ka fitar da mita biyar ka bar kan, bayan wata biyu zuwa uku ta mayar da jikinta. Farin abin da muke gani a wando kuwa ba tsutsa guda ba ce, gaɓar ƙarshe ce da ta nuna ta ɓalle, cike da ƙwai, ta fito da kanta.

Shi kansa tsiron ban gan shi a raye ba sai da aiki ya kai ni tsaunin Mambila a jihar Taraba. Can sama ne sosai, wajen mita 1,600, inda za ka tashi da safe a Gembu ko Nguroje ka ga gajimare a ƙasa da kai. A bakin rafuffuka da gindin duwatsu da gefen kurmi, dangin wannan tsiro sun cika ko'ina. Ba sa fure, ba sa 'ya'ya. Ganyen dogo ne mai tsaga-tsaga a jere dama da hagu, sabon toho kuma yana fitowa a naɗe, sai a hankali ya warware. In ka kifa ganyen da ya manyanta za ka ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a bayansa. Garin da ke cikinsu shi ne iri, iska ke ɗaukarsa. Abin da muke kira saiwa ma ba saiwa ba ce a wajen masana tsirrai, kara ne da ke kwance cikin ƙasa, ɓawon da ke jikinsa kuma gindin tsofaffin ganyaye ne.

Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa ya kuma buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya sa agugu a ciki. Ya ce maganin tsila ne, ba ya tsirowa a ƙasar Hausa, galibi daga Adamawa ake kawo shi, ya kuma alaƙanta shi da wanda Turawa suke amfani da shi a ƙasarsu. Adamawar da yake nufi ta da ce, mai tuddai har cikin Kamaru ta yau. Wato tun kafin a zo da asibiti, fatake suna ɗauko saiwar daga tsaunuka masu sanyi su kai ta kasuwannin da ba su taɓa ganin ganyenta ba. Can kudancin Afirka ma Zulu suna da nasu, Dryopteris athamantica, suna ce masa inkomankomo, kuma don tsila suke haƙa shi. Na Turai shi ne Dryopteris filix-mas. Likitan Girka Diyoskoridis ya rubuta shi tun ƙarni na 1 a matsayin mai fitar da faffaɗar tsutsa, likitocin Larabawa suka ci gaba da shi da sunan sarkhas. Mutanen da ba su san juna ba, kowa a kan dutsensa, suka faɗa kan dangi ɗaya saboda cuta ɗaya. Ni wannan kaɗai ya ishe ni hujjar cewa kakanninmu ba camfi suke yi ba.

Akwai wani labari da nake ba ɗalibai in sun zo koyon aiki. A ƙarni na 18 an yi wata mata a garin Morat na Suwizalan, Madam Nouffer, mijinta likitan fiɗa ne ya rasu ya bar mata asirin maganin tsila. Sunanta ya kai Faransa, har Sarki Luwi na 16 ya sa likitocinsa suka gwada maganin, sannan a 1775 ya sayi asirin a kan kuɗin Faransa na lokacin 18,000, ya ba da umarni a bayyana wa kowa. Da aka buɗe, sai ga shi garin saiwar nan ce, a sha da safe ba a ci komai ba, bayan sa'a biyu a bi da maganin zawo mai ƙarfi. Sarki ya zuba dukiya ya sayi abin da ke rubuce a littattafan likitocinsa tun fiye da shekara 1,500. Duk da haka ban ga laifinsa ba, ya dai fi masu mutuwa da asirinsu a ciki.

Daga 1825 labarin ya sauya. Wani mai harhaɗa magani a Jeniba, Peschier, ya jiƙa saiwar a eta, ruwan nan mai saurin tashi da daga baya aka riƙa sa majiyyata barci da shi, ya tace, ya bar etar ta bi iska. Abin da ya rage wani mai ne mai kauri, kore mai duhu, mai ɗaci da tayar da zuciya. Wannan mai shi ya zama maganin tsila na asibiti a Turai da duk inda Turawa suka kafa asibiti, sama da shekara 100. Ana zuba shi a kafso, wani lokaci a zura roba ta baki har farkon hanji a ɗura shi can don kada a amayar. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 Rudolf Boehm a Jamus ya rarrabe sinadaran da ke ciki, waɗanda ake haɗa su a kira filisin. Suna taruwa ne a wasu 'yan mitsi-mitsin gashi da ke cikin naman saiwar, kuma suna lalacewa da ajiya, shi ya sa dokar kantunan magani ta ce a sabunta saiwar duk shekara, kuma sai wadda cikinta bai bar kore ba. Abin da Iya ke dubawa ke nan a hasken fitila.

Aikin filisin shi ne ya shanye jikin tsutsar, ya hana ƙwayoyin jikinta samar da ƙarfi, bakin tsotson ya saki. Ba lalle ta mutu ba. In aka bar ta, sai ta farfaɗo ta sake kamawa, don haka dole a kore ta da zawo tun tana sume.

To amma sinadarin bai san tsutsa ba, bai san mai tsutsa ba. Sa'ar da ake ci ita ce yawancinsa yana tsayawa cikin hanji, bai cika shiga jini ba. Maiƙo ne ke buɗe masa ƙofa, domin a mai yake narkewa. Shi ya sa littattafan suka hana bin sa da man gelo, duk da shi ne maganin wankin cikin da kowa ya sani a lokacin, suka ce sai dai gishirin wankin ciki. In ya shiga jini da yawa, abin ba kyau: amai, gudawa, jiri, mutum ya riƙa ganin komai rawaya, shawara ta bayyana, jiki ya kama jijjiga, numfashi ko zuciya su tsaya. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ido. Yana kama jijiyar gani, wani makantar ta kwanaki ce, wani ta har abada. An rubuta irin wannan a mutanen da likitoci suka auna wa maganin da ma'auni, ba ma waɗanda aka ƙiyasta musu da ido ba. A namu fannin, a Birtaniya an ga shanun da suka tono saiwar lokacin hunturu da ciyawa ta ƙare, suka ci, suka makance. Hukumar Jamus da ta tantance magungunan tsirrai ta duba wannan duka ta ƙi amincewa a ci gaba da shan sa.

Tsakanin abin da zai saki tsila da abin da zai taɓa ido, tazarar kaɗan ce, kuma ba a tsaye take ba. Saiwar bana ta fi ta bara ƙarfi, ta wannan dutse ba ɗaya take da ta wancan ba, hantar wannan mutum ba irin ta wancan ba ce. Iya ta yi shekaru tana ba da shi ba ta makantar da kowa ba, ina kuma danganta hakan da tsaurinta da kiyayewar Allah. Wanda ya gaji gwangwanin bai gaji tsaurin ba, hatsari ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu lasifika a tasha da masu talla a waya, da maganarsu ɗaya tilo: "Ganye ne, ba ya illa." Wanda ya faɗi haka bai girmama ganye ba, raina shi ya yi. Tsoffin da suka san aikin ba su taɓa cewa haka ba. Ɓoye shi suke yi a ƙarƙashin gado.

Kuma yanzu ba dole. A farkon shekarun 1960 aka fito da Niclosamide, a shekarun 1970 kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka samar da Praziquantel, ƙwayar nan da ake raba wa 'yan makaranta saboda tsargiya. Don tsilar naman shanu sha ɗaya ake yi, miligiram 5 zuwa 10 a kan kowane kilo na nauyin mutum, ba azumi, ba kasko a bayan ɗaki. Ko ita ma gara ma'aikacin lafiya ya duba mutum tukuna, musamman mai farfaɗiya ko wanda ke zaune inda ake kiwon alade, domin tsilar alade tana iya yin ƙulli a ƙwaƙwalwa, kuma maganin kan tayar da shi. In ɗana ya zo mini da farin abu a wando yau, asibiti za mu, ba wajen ɗan koli ba, kuma na tabbata da Iya ta ga ƙwayar nan da ta yar da gwangwaninta ba tare da ta waiwaya ba. Mace ce mai son abin da ke aiki.

Akwai wani ɗan uwan agugu a Mambila da ya fi ba ni aiki, Pteridium aquilinum. Shi ba ya ɓuya a bakin rafi, fili yake mamayewa, tudu guda ya rufe shi. Karansa yana can ƙasa da nisa, don haka in an cinna wa daji wuta da rani, ciyawa ta ƙone, shi ne farkon tohowa, kore shar, daidai lokacin da shanu ke cikin yunwa. Wata rana wani Arɗo ya tare ni a kasuwa ya ce, "Likita, wata tsohuwar saniyata fitsarinta jini. Ya zo ya tafi, ya zo ya tafi. Mun yi allurar kaska ba ta ji ba." Na ce, "Baba, jikinta da zafi?" Ya ce a'a, tana kiwo, sai dai rama. Nan na san ba ciwon kaska ba ne, domin shi da zazzaɓi yake zuwa, kuma ba ya jan watanni. Da aka yanka ta na buɗe mafitsarar: bangon ciki ya yi kauri, da tsiro-tsiro ja masu tsattsafar jini. Abin da cin wannan ganye na shekaru yake yi ke nan. Sinadarin da ke jawo shi, takwilosaid, masana a Japan ne suka ware shi a 1983. Yana haddasa ciwon daji a mafitsarar shanu, in an ci da yawa a ɗan lokaci ya kashe ɓargo dabba ta yi ta zubar jini, kuma yana bi ta nono. Doki kuwa wani sinadarin daban ke kama shi, mai cinye bitamin B1, ya riƙa tangaɗi. Mutanen Japan da Koriya suna cin tohonsa a miya, amma sai sun tafasa shi sun jiƙa, galibi da toka, sun zubar da ruwan. Na kawo shi nan ne saboda ga wanda bai sani ba duk ganyen iri ɗaya ne, kuma busasshen guntun saiwa a kasuwa ba ya faɗin daga wane tsiro aka haƙo shi.

Kwanan baya wata 'yar ƙanwata ta turo mini hoton wani kafso da ake tallatawa a Instagram, wai tsiron dutse ne daga Amurka ta Tsakiya mai gyara fata. Shi ma dangi ne na nesa, Polypodium leucotomos, mutanen Honduras na ce masa kalaguwala. An yi 'yan gwaje-gwaje ƙanana da suka nuna yana ɗan rage ƙunar rana a fata, ana kuma haɗa shi da jinyar haska fata da fitila wajen masu ciwon da fata ke yin fari-fari. Iyakarsa ke nan. Na ce mata, "'Yata, ba ya sa haske, ba ya kashe tsutsa, riƙe kuɗinki."

Yanzu aikina a kwata yake, duba nama kafin ya fita kasuwa, kuma a nan nake haɗuwa da tsila ta ɗaya fuskar. Kowace saniya sai na tsaga naman muƙamuƙinta, na shafa harshe, na buɗe zuciya. Abin da nake nema ɗan ƙulli ne fari mai ruwa-ruwa, kamar ƙwayar shinkafa da ta jiƙa, kwance tsakanin zaren nama. A cikinsa akwai ɗigo fari: kan tsila ne a naɗe, yana jiran hanjin mutum. Mahauta ba sa son wuƙata, domin kai da zuciyar da aka tsattsaga ba sa kuɗi kamar lafiyayyu, kuma na san haka tun da a cikinsu na tashi. In ƙullin ya cika jiki, naman ba ya fita. In ɗaya ne ko biyu, ƙa'ida ita ce a cire wurin, sauran a sa a ɗakin sanyi a ma'aunin 10 ƙasa da sifili har kwana 10, ko a dafa shi har ciki. Da irin wutar lantarkinmu, tukunya ce mafita.

Wata safiya na tsayar da wani bijimi mai ƙiba, mai shi ya kawo ƙara wajen Sarkin Fawa. Tsohon ya zo da kansa, ya sa tabarau, na ɗora masa ƙullin a bakin wuƙa. Ya ce, "Likita, ɗana, wannan ɗan abin ne zai ja wa mutum asarar sa guda? To shi san ina ya samo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wajen mutum. Saniya ba ta ɗauka daga saniya." Na yi masa bayanin cewa mai tsila guda yana zubar da gaɓoɓi da dama kullum, kowace gaɓa na iya ɗaukar ƙwai har 100,000, kuma ƙwan yana wata da watanni a ciyawa mai laima bai mutu ba. Makiyayi ɗaya da ke zagawa bayan gari inda shanunsa ke kiwo ya isa ya shafa wa garke. Ya yi shiru, sannan ya juya ya dubi yaran da ke fiɗa ya ce, "Cikinku wa ke ganin farin abu a wando?" Ba wanda ya amsa, amma biyu sun sunkuyar da kai.

Bijimin dai a tukunya ya ƙare, aka sayar da shi dafaffe a farashin da bai kai na ɗanye ba, 'yan ƙungiya suka haɗa wa mai shi wani abu ya rage asara. Yaran biyu kuma Sarkin Fawa ya sa aka raka su asibiti a ranar, da kuɗinsa.